Katin da Ɓarawo Ya Bari

Ranar Litinin aka bugo waya caji ofis aka ce an fasa tagar gidan adana takardun soja, an ɗauke littafi ɗaya. Ba a taɓa kwamfuta ba, ba a taɓa janareta ba. Ɗan littafi ne da bai wuce tafin hannu ba, rubutun fensir. Ranar Alhamis kotun soja za ta zauna a kan wani kofur, kuma littafin nan ne kaɗai shaidar da lauyansa ya nema.

Sufeto ya ajiye kan wayar ya dubi shayinsa da ya huce. Ya san abin da ya sa aka kira 'yan sanda. Ginin ba a cikin bariki yake ba, ma'aikatansa farar hula ne, kuma soja in abu ya lalace sun fi son a tarar da mai wani kakin daban a tsaye kusa da shi.

Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa, tun daga lokacin ya daina gaggawa a kan komai. Ya saka kwat, ya zura tsohon littafin tarihin da yake yawo da shi a aljihu. A tsakiyar littafin akwai wata takarda mai ninki huɗu. Duk wanda ya gan ta yakan ɗauka alamar shafi ce.

Saje ce ta tuƙa. Mace ce mai 'ya'ya biyar da bakin da ba ya hutu. A hanya ta ce ita yaranta kullum sai sun ɓatar da littafi, ba ta taɓa kira musu 'yan sanda ba.

"Naki ba a harbin kowa a kansu," in ji Sufeto.



Gidan tsohon sito ne aka yi wa silin. Kantocin ƙarfe sun tashi har sama, kwalaye a jere kowanne da lamba, iskar ciki tana warin kafur da tsohuwar takarda. A baranda buhuna shida ne jingine da bango, bakinsu a ɗinke. Kayan da aka kwaso daga fagen daga ke nan: taswirori da laka ta bushe a kansu, jerin sunayen masu gadi, wasiƙun da ba a samu aikawa ba.

Wani dattijo siriri ya tare su, hannayensa cikin farar safa. Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe da oba-oba, rediyon aika saƙo, a soja kafin ya yi ritaya a ba shi wannan gida. Ba ya cewa "to", sai "roja", shi ya sa kowa ke kiransa Baba Roja. Bayansa wata mata ce da ke ɗaukar hoton takardun da na'ura, ana ce mata Mai Sikana. Su biyu ne ma'aikatan, sai mai gadi a ƙofa.

Ba a tambaye shi ba, Baba Roja ya fara bayanin aikin, kamar mai karanta wa sababbin kurata doka. Duk abin da ya zo daga daji, ya ce, sai an naɗe shi a leda an saka a firiza kwana goma sha huɗu, sanyi ya kashe gara da ƙwan asu. Kafin kwanakin su cika ba mai buɗe firizar. Daga nan a shanya, a ba shi lamba, a sa a kwali, sannan a ɗauki hotonsa.

"Yaƙi ba ya jiran mai rubutu, Sufeto. Abin da ba a tsinto bana ba, baɗi babu shi."

Sufeto ya ce ya karanta tarihin yaƙe-yaƙe da dama, a cikinsu duka janar-janar ne ke da ƙwaƙwalwa, matattu ba sa tuna komai. Dattijon bai yi dariya ba.

Tagar da aka fasa tana can ƙuryar ɗakin. An yi ruwa ranar Lahadi, ya shigo ya jiƙa siminti. Amma kantar da ke ƙarƙashin tagar an lulluɓe ta da babbar leda, an soke gefunanta tsaf. Sufeto ya sunkuya. Ɓaraguzan gilashin a kan ledar suke, ba a ƙarƙashinta ba.

"Wa ya rufe wannan?"

"Ni. In damina ta kama nakan rufe."

Sufeto ya ɗaga kai ya ƙirga sauran tagogin. Huɗu ne, kowacce da kanta a ƙarƙashinta, ko ɗaya ba a rufe ba.  Mai Sikana ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Aka sauko da kwalin da littafin yake ciki. An ɗaure shi da farin zare, ƙullin a gefen dama kamar na sauran kwalayen. Ciki littattafai ne ƙanana a tsaye, a tsakanin biyu daga cikinsu akwai wani dogon kati ruwan ɗorawa. Sufeto ya zaro shi. Babu rubutu ko ɗigo.

Ya tambayi amfaninsa. Baba Roja ya ce dokar gidan ce: duk wanda ya ciri abu daga kwali sai ya sa kati a gurbinsa, da sunansa da kwanan wata, don abin ya san hanyar gida.

"Wannan babu suna."

"Roja. Babu."

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Saje. "Da irinsa ne ke shiga unguwarmu, da har shara zai yi mana."

Sufeto ya sa katin a aljihu.

A waje, kan benci, wata mata na zaune da jaka a cinya. Ta miƙe da ta ga kaki. Matar kofur ɗin ce. Tun ranar da ta ji an tsinto littafin take zuwa kullum, ta zauna daga safe har a tashi, kamar mai jinya a ƙofar ɗakin tiyata.

Ita ta ba shi labarin, a gajarce, don ta gaji da maimaita shi. Mijinta yana cikin masu harba igwa. Wata bakwai da suka wuce wasu sojoji da ke kan wani tudu suka kira ta oba-oba suna neman a yi wa abokan gaba ruwan wuta, suka ba da lambar wurin a taswira. Mijinta ya saita, aka harba. Wutar ta sauka a kan tudun. Mutum goma sha ɗaya suka mutu, har da mai oba-oban. Mijinta ya ce lambar da aka ba shi ita ya saita. Littafin da ya rubuta ta a ciki ya ƙone tare da motarsu kwana biyu bayan nan. Saura littafin mai oba-oban, don kowane mai oba-oba yana rubuta abin da ya aika. Sai a watan jiya aka gano shi a cikin wani buhu.

"In babu littafin fa?" in ji Sufeto, ko da yake ya sani.

"Lauya ya ce ko harbi, ko ya tsufa a ciki."

Ta gyara jakarta. Ta ce Allah ya saka wa Baba da alheri, shi ke fito mata da ruwa kullum, shi ya sa aka kawo bencin nan saboda ita. Ko da safiyar nan ya ce ta kwantar da hankalinta, takarda ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Mai gadi ba shi da labari sai ɗaya. Ranar Juma'a wani mutum ya zo cikin farin kaya, ya yi wani irin rubutu a rajistar baƙi da ba mai iya karantawa. Amma shi mai gadi tsohon soja ne, kafin ya ankara hannunsa ya riga ya sara wa mutumin, don tafiyar hafsa ba ta ɓuya a cikin riga. Ya rubuta lambar motar a bayan kwalin ashana.

Motar ta wani manjo ce, kuma shi ne ya sa hannu a takardar tuhumar kofur ɗin.

Washegari suka je bariki. Aka bar su awa ɗaya da rabi a kan kujerar katako, don su san a gidan wa suke. Manjo mutum ne mai kyan aski da teburin da babu takarda ko ɗaya a kai. Ya ce bai san ma inda gidan adana takardun yake ba.

Sufeto ya ajiye kwalin ashanan a kan teburin.

"To motarka ta sani, ranka ya daɗe."

Manjo ya dubi kwalin, ya dubi Saje, ya nemi ta fita. Sufeto ya ce kunnenta ɗaya ba ya ji, ɗayan kuma na gwamnati ne. Ta zauna.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na Manjo bai kai taku biyu ba. Ya amsa cewa ya je. Yana so ya ga abin da ke cikin littafin kafin kotu ta gani, don in kofur ɗin gaskiya yake faɗa, to shi ya tsare mutum wata bakwai a banza, kuma akwai ƙarin girma da yake jira. Ya san bai halatta ba, shi ya sa ya sa farin kaya. Amma tsohon nan ya hana shi. Ya ce ko babban hafsan hafsoshi ne sai da takardar kotu. Har ƙofa ya rako shi, kamar ana korar akuya daga lambu.

"Ka san mai littafin?"

Manjo ya ce sama-sama. A takarda lamba ce kawai. Ya ji dai yaran suna yabonsa, wai ba a taɓa ce masa ya maimaita saƙo ba. Sun ce gado ya yi, ubansa ma oba-oba ya riƙe a zamaninsa. Kwana uku suka yi a kan tudun nan ba barci.

A mota Saje ta ce ita dai Manjon nan bai kwanta mata ba, mai hannu da santsi haka ba ya rasa yaran aike. Sufeto ya ce yaron aike ba ya rufe kanta da leda kafin ya fasa taga. Ya jingina kai ya rufe ido. Ba barci yake ba. Yana fata ne a ce Saje ce ke da gaskiya, don kama manjo ya fi sauƙi a zuciya.

Laraba da hantsi suka koma gidan adanar. Baba Roja yana can ƙarshen ɗakin yana goge wata taswira da burushi mai laushi. Sufeto ya ja Mai Sikana zuwa ɗan ofishinta ya turo ƙofa.

Tambayarsa ɗaya ce. Littafin ya fito daga firiza sati biyu da suka wuce, kotu ta nema, me ya hana a ɗauki hotonsa?

Ta ce na'urar ce ta lalace.

Saje ta miƙa hannu ta danna maɓalli. Na'urar ta yi ƙara, wani koren haske ya bi ta ƙarƙashin gilashin ya dawo. Saje ta ɗora tafin hannunta, hoton ya fito a kwamfuta har da zoben aurenta.

"Ta warke," in ji ta. "Hannuna akwai albarka."

Mai Sikana ta zauna. Ta ce ita ba ta san komai game da sata ba, ta rantse. Ranar da ta ɗauko kwalin za ta fara, Baba ya ce ta bar shi tukuna, ta gama da tsofaffin takardun da suka fara rubewa. Ba ta taɓa yi masa musu ba. Shekara tara suna aiki tare, shi ya koya mata yadda ake ɗaga shafi ba a karya shi ba, shi ya tsaya mata lokacin da mijinta ya sake ta. Da ta ga an fasa taga sai ta ji tsoro kada a ce sakacinsa ne.

"Yana da 'ya'ya?"

"Ɗaya ne. Ya rasu bara, a daji. Ba ya maganar, mu ma ba ma yi."

Sai wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, kwamfutar ta mutu. Kafin Sufeto ya miƙe sun ji takun dattijon da sauri ta baranda, sai tarin janareta, sai ga wuta ta dawo. Duka bai kai minti biyu ba.

Sufeto ya tambaya ko kullum haka yake yi. Ta ce a'a, sai in akwai kaya a firiza, don in sanyin ya katse ƙwarin suna farfaɗowa. In babu kaya, sai su zauna a duhu su ci gaba da aikin hannu.

"Yanzu akwai kaya?"

Ta ce akwai mana, Baba ya manna takarda a murfin, kada a buɗe sai nan da kwana goma. Sababbin da aka kawo ne.

Sufeto ya buɗe ƙofa ya nuna mata baranda. Buhunan shida suna nan inda suke, bakinsu a ɗinke.

Ta dube su. Ta kai hannu bakinta.

Firizar tana wani ɗan ɗaki a baya, doguwa, fara, irin ta masu sayar da kifi. Baba Roja ya riga su zuwa. Yana tsaye a gabanta yana goge baƙin man janareta daga yatsunsa. Ya dubi Sufeto, Sufeto ya dube shi. Tsofaffi biyu da suka gaji ba su da buƙatar dogon zance.

"Ka buɗe, Baba, ko in buɗe?"

"Bari in sa safa."

Ya sa safar, ya ɓare takardar da ya manna, ya ninke ta, ya ɗaga murfin. Firizar wayam take, sai ƙunshi ɗaya a tsakiya, an naɗe shi da leda biyu an manne bakin. Ya ɗauko shi da hannu biyu ya kai kan teburi.

Saje ta miƙa hannu za ta yage ledar. Dattijon ya tare ta, a karo na farko muryarsa ta tashi.

"A'a, 'yata. In kika buɗe yanzu raɓa za ta sauka a kan takardar, fensirin ya dagule. Sai ya huce a cikin ledarsa. Awa huɗu."

Saje ta dubi Sufeto. Sufeto ya jawo kujera.

Haka suka zauna, ƙunshin a tsakaninsu yana zufa. Saje ta fita ta tsaya a ƙofa. Sufeto ya ciro katin nan ruwan ɗorawa ya ajiye kusa da ledar.

Baba Roja ya daɗe yana kallonsa. Ya ce wallahi bai san ya sa shi ba. Ranar Asabar da rana ya zo, lokacin da mai gadi ya tafi cin abinci. Ya tsara komai: ya rufe kanta saboda hadari ya haɗu, ya zagaya ta waje ya fasa tagar da dutse. Katin kuwa hannunsa ne ya sa, bai yi shawara da shi ba.

"Sabo turken wawa," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya ina zagin mutane a kan katin nan."

"Me ya hana ka ƙona shi? Ashana ɗaya ce."

Dattijon ya dube shi kamar ya zage shi.

"Takarda, Sufeto?"

Sauran ya faɗe shi a hankali, idonsa a kan ledar. Ranar da ya buɗe buhun, tun kafin ya ga lambar da ke bangon littafin ya gane rubutun ɗansa ne. Shi ya koya wa yaron, a kan teburin cin abinci, da fensir da tsohuwar taswira: ka fara faɗin inda kake, sannan ka faɗi inda kake so a harba. Layi biyu ne a littafi, lamba biyu. Ya buɗe shafin ƙarshe a tsaye a barandar nan. Layi biyun suna nan, rubutu tsaf, babu karkata. Lambar ɗaya ce a duka biyun.

"Ya faɗi inda yake sau biyu," in ji shi. "Kwana uku bai runtsa ba. Ni na san yadda kai yake yi. Kana jin bakinka yana magana, ba ka san me yake cewa ba."



Uwar yaron tana gida, ya ce. An aiko mata da takardar yabo, ta sa a gilashi ta rataye inda take gani daga kan gado, don yanzu ba ta tashi sosai. Iyayen sauran goman wasunsu har gida suka zo mata gaisuwa, suna ce mata uwar jarumi. Gobe a kotu za a karanta shafin nan da ƙarfi, a gaban kowa, da lambar ɗansa.

"Matar da ke kan benci fa?"

 Dattijon ya cire safar ya ajiye, kamar bai cancanci sa ta ba.

"Kullum da safe nakan ce yau zan fito da shi. Sai in kai mata ruwa. Sai in dawo in ce gobe." Ya nisa. "Ban ce a harbe shi ba, Sufeto. Ban ce komai ba. Na rubuta kwana goma sha huɗu na manna, don shi ne abin da na iya."

"Kotu gobe ce."

"Roja. Na sani."

 Janareta na ta gurnani a waje. Sufeto ya ji nauyin littafin da ke aljihunsa kamar an ƙara masa dutse.

Shi ma likita ya taɓa kiransa gefe, ya miƙa masa takardar gwajin matarsa. Ya karanta a tsaye a barandar asibiti, ya ninke ta huɗu, ya cusa a littafin da ke hannunsa, ya koma ɗaki ya ce wa matarsa gyambon ciki ne, za a ba ta magani. Wata biyar ta yi bayan nan. A cikinsu ta sayi yadin labule, ta ce in ta ji sauƙi za ta ɗinka. Ba ta kira 'yar'uwarta daga nesa ba, don wa ke tayar da mutane saboda gyambo? Sati ɗaya kafin ta cika ta kama hannun rigarsa ta ce ya gaya mata abin da likita ya ce na gaskiya. Kullum da safe shi ma yakan ce yau. Ya ce mata gyambo ne. Ta saki rigar, ta juya fuskarta bango.

Ƙarfe uku da rabi Baba Roja ya taɓa ledar da bayan hannu ya ce ya yi. Ya mayar da safarsa, ya yanke bakin da almakashi, ya buɗe shafin ƙarshe ya juyo shi wajen Sufeto. Shi bai kalla ba. Layi biyu, lamba ɗaya, kamar yadda ya faɗa. A ƙasa an rubuta lokaci, an ja ɗan layi, irin na mai aikin da ya gama ya gamsu.

Sufeto ya kira Mai Sikana ta ɗauki hoton kowane shafi a gabansa. Tana yi tana share ido da gefen mayafi, tana kaffa-kaffa kada ya ɗiga a gilashin. Sannan ya kira lauyan kofur ɗin da magatakardan kotu, don in shaida tana hannun mutum ɗaya, ya ga abin da ke faruwa.

Da zai sa littafin a ambulan, dattijon ya tura masa katin da biro.

"Suna da kwanan wata, Sufeto. Da inda za a kai shi."

Sufeto ya rubuta. Baba Roja ya duba, ya kai katin ya sa a gurbinsa cikin kwalin, ya ɗaure zaren, ƙullin a gefen dama. Ya ba Mai Sikana makullai, ya ce mata buhunan nan kada su kai Asabar ba a naɗe su ba, na biyun daga hagu yana warin danshi. Sannan ya miƙa wa Saje hannayensa.

Saje ta dubi ankwar da ke ɗamararta, ta dubi hannayen. Ta ce makullin ankwar ya ɓace tun jiya, ya dai wuce gaba.

Matar kofur ta miƙe da ta ga an fito da shi tsakanin 'yan sanda biyu.

"Baba, lafiya? Ina za su kai ka?"

Ya tsaya a gabanta. 

"An samu littafin, 'yata. Mijinki gaskiya ya faɗa."

Ta zube a kan bencin tana godiya, tana sa masa albarka, shi da zuriyarsa. Bai tsaya ya ji ƙarshenta ba. Ba wanda ya yi mata bayani. Gobe za ta ji a kotu, tare da kowa.

Motar caji ofis ta iso. Dattijon ya hau baya da ƙyar, ya zauna a miƙe kamar a fareti, hannayensa a kan gwiwa. Ya roƙi abu ɗaya: a bar shi ya gaya wa matarsa da bakinsa kafin ta ji a bakin maƙwabta. Sufeto ya ce wa direba su biya ta gidan, minti talatin, Saje ta jira a waje.

Sufeto ya tsaya riƙe da ƙofar motar. Ɗayan hannunsa yana cikin aljihu, a kan littafin, yatsansa ya sami gefen takardar nan mai ninki huɗu. Dattijon ya ɗago yana jira, don ya ga alamar akwai magana.

Direba ya ba da wuta. Saje ta ce Yallaɓai yamma tana yi. Sufeto ya tura ƙofar ta rufu, ya buga bayan motar sau biyu.

Ya tsaya har ta sha kwana. Abin da ya so ya ce wa tsohon gajere ne: ni ma na ɓoye tawa takardar, Baba, ni kuma ba wanda ya zo ya karɓe ta a kan lokaci.